Raunin Ji, Lasisin Tuƙi da Inshorar Mota a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa mazauna Birtaniya masu raunin ji, da matansu da 'ya'yansu. Ƙa'idojin da aka kawo na Ingila ne da Wales da Scotland, inda hukumar DVLA mai hedikwata a Swansea ke kula da lasisin tuƙi. A Ireland ta Arewa hukumar DVA ce ke wannan aiki, fom ɗinta ma daban ne.

Kunnena ba ya ji sosai. Doka ta yarda in tuƙa mota?

Ta yarda. Babu wani mizanin ji da aka gindaya wa mai tuƙa ƙaramar mota ko babur. Ko da mutum kurma ne tun haihuwa, ba ya jin ko tsawa, yana da damar neman lasisi kamar kowa. Inda doka ta matsa shi ne ido: dole ka iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, da tabarau ko ba tabarau.

Da yawa daga cikinmu sun taso da ganin cewa kurma da sitiyari ba su haɗa hanya ba. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya koyi tuƙi a Kano ko Damagaram, inda rabin zancen direbobi da hon ake yin sa. Titin Birtaniya an tsara shi ne don ido: fenti a kan kwalta, alluna, danja, sigina. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ƙungiyar RNID mai kare muradun masu matsalar ji ta ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 18 a ƙasar suna fama da kurumta ko raunin ji ko ƙugin kunne, wato kusan mutum ɗaya cikin uku. Da za a hana su duka tuƙi, da tituna sun yi fayau.

To sai na sanar da DVLA?

In lasisinka na ƙaramar mota ne ko babur, ba sai ka sanar ba. Wannan shi ake kira rukuni na ɗaya, ya kuma haɗa da ƙananan motocin kaya da nauyinsu bai wuce tan 3.5 ba. Amma ka lura da iyakar wannan sassauci: ya tsaya ne a kan raunin jin kansa. Idan ciwon da ya taɓa maka kunne yana zuwa da jiri, ko yana taɓa gani, hukuncin ya canza. Duba amsar da ke kan jiri a ƙasa.

Ni bas nake ja, ƙanina kuma babbar mota. Mu fa?

Ku dole ne ku sanar. Masu bas da manyan motocin kaya suna rukuni na biyu, kuma DVLA ta tanadi fom na musamman don kurumta, sunansa AUD1. Ana cika shi a aika mata Swansea.

Sanarwar ba ta nufin an raba ku da aikinku. Abin da hukumar ke son tabbatarwa shi ne direba zai iya isar da saƙo idan wani abu ya faru, ko da baki ko da wata na'ura ta rubutu. Dalilin a fili yake: mai ɗauke da fasinja sittin, in gobara ta tashi a bayan bas, tilas ya iya neman agaji ya kuma gaya wa mutane ta inda za su fita. Wanda ya nuna zai iya wannan, galibi lasisinsa na nan. Ku tuna kuma masu wannan rukuni suna yin gwajin likita a fom D4 lokacin neman lasisi na farko, sannan duk shekara biyar daga shekara 45, sannan duk shekara daga 65. Abin da aka ɓoye yau, gwajin gaba zai iya tono shi, kuma a lokacin tambayar da za a yi ita ce me ya hana a faɗa tun farko.

Ina tasi, wani lokaci Uber. Wane rukuni nake?

Lasisinka na DVLA na rukuni na ɗaya ne, saboda haka ba ita za ka sanar ba. Sai dai izinin ɗaukar fasinja daga ƙaramar hukumar garinku yake fitowa, a Landan kuwa daga TfL, hukumar sufurin birnin, kuma mafi yawansu suna auna lafiyar direban haya da mizanin rukuni na biyu. Likitan da zai cika maka takardar gwaji zai tambaye ka batun ji. Ka gaya masa yadda abin yake, in kana sa na'urar ƙara ji ka je da ita a kunne. Inshorarka ma dole ta zama ta haya. Inshorar motar amfanin kai ba ta rufe mai ɗaukar fasinja ko mai kai abinci don kuɗi, kuma wannan kuskure ya fi batun kunne jefa direbobi cikin asara.

Kamfanin inshora fa? Sai na faɗa musu ina da raunin ji?

Sai in sun tambaya. A da, nauyin yana kan mai sayen inshora ya zauna ya yi tunanin duk abin da kamfani zai so ya sani, ya faɗa ko ba a tambaye shi ba. Wata doka da majalisa ta yi a 2012, ta fara aiki a watan Afrilun 2013, ta juya lamarin ga masu sayen inshora don amfanin kansu. Yanzu aikin kamfani ne ya yi tambaya a bayyane, aikinka kuma ka kula ka ba da amsa ta gaskiya, ba ragi ba ƙari.

Don haka ka karanta tambayar kalma bayan kalma. Mafi yawan shafukan kwatanta farashi suna tambaya ne ko kana da wata larura da ya wajaba a sanar da DVLA. Ga mai ƙaramar mota wanda raunin ji kaɗai gare shi, amsar gaskiya ita ce a'a. Amma in kamfani ya faɗaɗa tambayar, ya ce kana da wata naƙasa ko larura ta dindindin, ko ya ambaci ji da sunansa, to amsar ita ce eh. Kada ka auna da abin da kake ganin ya shafe su ko bai shafe su ba. Abin da suka rubuta shi za ka amsa.

Ni a ganina, wanda yake kokwanto gara ya aika musu imel ya ce: ina da raunin ji, DVLA ba ta buƙatar sanarwa a kansa, ku rubuto mini ko ku kuna buƙata. Amsarsu ta zama hujjarka, ka adana ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba na jin magana a waya da kyau. Yaya zan yi da tambayoyinsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a cikin duka, domin a nan ne mai gaskiya ke faɗawa rami bai sani ba. Duk mai raunin ji ya san ɗabi'ar nan: an yi magana ba ka kama ba, ka ce a maimaita, an maimaita ba ka kama ba, sai kunya ta sa ka ce "eh, eh" don zancen ya wuce. A wajen suna ko ɗaurin aure ba komai. A waya da kamfanin inshora kuwa ana naɗar kiran. Ma'aikaciya tana karanto tambayoyi da sauri, da harshen Newcastle ko na Glasgow, bayanta ana ta hayaniyar ofis, ta ce ka taɓa yin hatsari cikin shekara biyar, an taɓa soke maka inshora, motar da ita kake zuwa aiki. Kai kuma kana ta amsawa bisa hasashe. Ranar da ka nemi diyya, wannan naɗin za a ɗauko.

Kada ka sayi inshora ta hanyar da ba ka iya bin kowace kalma. Ka saya ta intanet, ko ka nemi a yi komai a rubuce. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa kamfanoni su yi wa mai naƙasa sauƙin da ya dace, kuma amsa ta imel ko ta akwatin hira na cikin wannan. Akwai kuma Relay UK, wadda kamfanin BT ke gudanarwa: kana rubutawa, wani ma'aikaci yana karanta wa ɗaya ɓangaren, yana kuma rubuto maka abin da suka ce. Ana amfani da manhajarta, ko a sa 18001 kafin lambar da za a kira.

Bayan an gama, za a turo maka takarda mai ɗauke da duk amsoshin da aka rubuta da sunanka. Ka zauna ka bi ta layi-layi. In ɗanka ko wani aboki ne ya cika maka fom, haka ma, domin kai za a kama da abin da ke ciki. Ka kuma yi hattara da masu tallan inshora mai arha a WhatsApp da Facebook, waɗanda ke cewa ka turo kuɗi su gama maka komai. Da yawansu suna canza adireshi da shekaru da tarihin lafiya don farashi ya sauka, wasu ma takardar bogi suke bayarwa. Dillali na gaske yana cikin rajistar hukumar FCA mai sa ido kan kamfanonin kuɗi, kuma kana iya duba ko motarka na da inshora a shafin askMID.

In na faɗa, ba za su ƙara mini kuɗi ba?

Ba su da ikon ƙarawa don kawai sun ji kalmar kurma. Dokar Daidaito ta 2010 ta ce kamfanin inshora ba zai bambanta mai naƙasa ba sai yana da bayani daga majiya abin dogaro, wanda ya shafi haɗarin da ake magana a kai, kuma bambancin ya zama mai ma'ana. Tunda hukumar da ke ba da lasisi ba ta ga dalilin ko da tambayar mai ƙaramar mota batun ji ba, kamfanin da ya ƙara kuɗi a kan haka yana da jan aiki wajen kare kansa. In ka ga farashi ya tashi bayan ka ambaci raunin ji, ka nemi su rubuto maka hujjar da suka dogara da ita. In ba ta gamsar ba, ka bi hanyar ƙorafi da ke amsa ta ƙarshe.

Me zai faru in na ɓoye abin da ya kamata in faɗa?

Ta ɓangaren DVLA, tara ce da za ta iya kai fam 1,000, kuma in ka yi hatsari ana iya gurfanar da kai a kotu.

Ta ɓangaren inshora, dokar 2012 ta raba abin gida biyu. In da gangan ka yi, ko ba ka damu ko amsar gaskiya ce ko ƙarya ba, kamfani zai iya ɗaukar inshorar tamkar ba a taɓa yin ta ba, ya ƙi biyan diyya, ya kuma riƙe kuɗin da ka biya. In sakaci ne, sai a duba me kamfanin zai yi da ya san gaskiya tun farko. A ce ka biya fam 600, alhali da ka faɗi gaskiya fam 800 za a caje ka: za a biya ka kashi 75 cikin ɗari na diyyar. In kuwa da ba zai karɓe ka ba sam, zai soke ya mayar maka da kuɗinka. Wanda ka buge ba zai rasa haƙƙinsa ba, doka ta kare shi, amma kamfanin na iya dawowa kanka ya nemi abin da ya kashe, kuma jinyar wanda ya naƙasa a hatsari tana iya cinye gida da abin da ke cikinsa. Daga nan kuma duk inda ka je neman inshora za a tambaye ka ko an taɓa soke maka, farashi ya haura.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Ranar 22 ga Disamba 2014, direban wata motar kwasar shara ya suma a kan sitiyari a tsakiyar Glasgow, motar ta bi ta kan masu sayayyar Kirsimeti, mutum 6 suka rasu, 15 suka jikkata. Binciken da aka yi ya gano cewa ya taɓa suma a 2010 yana direban bas, bai kuma bayyana haka ba a takardun lafiyarsa. Tsoron rasa abin yi ne ke sa mutane yin shiru, kuma tsoro ne na gaske ga mai iyali a nan da wasu a gida suna jiran abin da zai aiko. Amma ran masu tafiya a gefen titi amana ce a hannun duk wanda ya riƙe sitiyari.

Raunin jina yana zuwa da jiri. Wannan ya canza wani abu?

Ya canza komai. Can cikin kunne, kusa da inda ake ji, akwai sashen da ke riƙe da daidaiton jiki, shi ya sa ciwo ɗaya kan taɓa biyun. Cutar Meniere ita ce sananniya: ji yana raguwa, kunne yana ƙugi, ya yi nauyi kamar an toshe shi, sai hajijiya ta taso, ɗaki ya yi ta juyawa da mutum na mintuna ko sa'o'i, har da amai. Ƙarin da ke fitowa a jijiyar ji ma yana iya kawo irin haka.

Ƙa'idar DVLA ita ce: jirin da ke zuwa ba sallama, ko yake kayar da mutum, ko yake dawowa, dole a sanar da shi, a kuma ajiye tuƙi har sai an shawo kansa. Fom ɗin mai ƙaramar mota shi ne DIZ1. Masu bas da babbar mota ana riƙe su tsawon lokaci fiye da haka kafin su koma. Da zarar abu ya zama na sanar da DVLA, amsarka ga kamfanin inshora ita ma ta koma eh. Haka nan cutar Usher, wadda ke haɗa kurumta da raguwar gani, tana cikin waɗanda ake sanarwa, saboda idon.

Ƙugin kunne fa, ko tiyatar dasa na'ura?

Ƙugi shi kaɗai ba ya hana tuƙi. Bayan tiyata kuwa, likitan da ya yi aikin shi zai ce maka ga ranar da za ka koma, domin jiri kan biyo baya na ɗan lokaci. DVLA tana son ta ji ne idan wata uku sun wuce ba ka iya komawa tuƙi ba. Ka duba takardar inshorarka, wasu kamfanoni suna da sharaɗi kan tuƙi bayan tiyata.

Na tashi da safe na ji kunne ɗaya ya ɗauke. In jira ya buɗe da kansa?

Kada ka jira, kuma kada ka ɗiga masa mai ko wani haɗi. Ka kira 111, lambar neman shawarar lafiya cikin gaggawa, ko likitanka a ranar. Jin da ya ɗauke cikin kwana uku ko ƙasa da haka, ƙa'idar asibitocin Ingila ita ce ƙwararre ya gan ka cikin sa'a 24, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko. Yana iya zama dattin kunne ne kawai, amma likita ne zai faɗa. In da jiri tare, wani ya kai ka, kada ka ja motar da kanka.

Ban da kunne, waɗanne larurori ne ake sanarwa?

Suna da yawa, DVLA ta jera su daga A zuwa Z a shafin gwamnati, kowacce da fom ɗinta. Waɗanda suka fi shafar gidajenmu, bisa ƙa'idar mai ƙaramar mota: farfaɗiya ko suma, inda ake ajiye tuƙi nan take, mai farfaɗiya kuma galibi sai ya shekara ba ta tashi ba kafin ya koma ƙaramar mota. Ciwon suga in ana yi masa allurar insulin fiye da wata uku. Hawan jinin ido in ya kama ido biyu. Ɗaukewar numfashi cikin barci, irin ta masu minshari mai ƙarfi, idan tana sa gyangyaɗi da rana. Shanyewar ɓarin jiki kuwa, ana ajiye tuƙi wata ɗaya, in an warware sarai ba sai an sanar ba, in da saura a sanar.

Hawan jini, wanda kusan kowane gida yana da mai shi, ba a sanarwa ga mai ƙaramar mota muddin magani bai sa shi jiri ko barci. Mai bas ko babbar mota kuwa dole ya sanar ya kuma dakata idan awonsa yana tsayawa a 180 bisa 100 ko sama.

In na sanar, ƙwace lasisin za su yi?

Ba lallai ba. DVLA za ta iya tuntuɓar likitanka, ko ta tura ka gwaji. Daga nan ɗaya cikin huɗu: a bar maka lasisinka yadda yake, a ba ka na gajeren zango na shekara 1, 2, 3 ko 5, a ce sai an yi wa motar gyara na musamman, ko a ce ka dakata. Binciken yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni in ana jiran asibiti, kuma da yawa suna ci gaba da tuƙi a wannan tsakani idan likitansu ya amince.

Ga wata dabara da ba kowa ya sani ba. Wanda likita ya ce ya dakata, gara ya miƙa lasisinsa da kansa maimakon ya jira a soke. Sashe na 88 na dokar hanya ta 1988 yana iya ba wanda ya miƙa da kansa damar komawa tuƙi da zarar ya cika sharuɗɗan lafiya kuma takardar nemansa ta isa hukumar. Wanda aka soke wa saboda lafiya, sai ya jira sabon lasisi ya zo hannunsa. In ba ka yarda da hukuncin ba, kana iya ɗaukaka ƙara a kotun majistare cikin wata shida a Ingila da Wales. A Scotland kwana 21 ne kacal.

Likitana zai iya kai maganata DVLA ba da izinina ba?

Zai iya, amma ba nan yake farawa ba. Nauyin sanarwa naka ne. Zai gaya maka, ya sake gaya maka. Sai in ya ga ka ci gaba da tuƙi cikin halin da zai iya halaka wasu, ƙa'idar majalisar likitoci ta GMC ta ba shi damar sanar da hukumar, bayan ya yi ƙoƙarin gaya maka zai yi. Raunin ji shi kaɗai ba ya kai ga nan ga mai ƙaramar mota. Kada tsoron wannan ya hana ka zuwa awon kunne. NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, tana ba da na'urar ƙara ji kyauta, har da batir.

Na ga lamba 02 a bayan lasisina. Mece ce?

A bayan katin akwai gurbin lambobin sharaɗi. 01 na nufin tabarau, 02 na nufin na'urar ji ko ta sadarwa. In tana kan lasisinka, sharaɗi ce: ka sa na'urar duk lokacin da kake tuƙa irin motar da lambar ke gabanta, ka kuma ajiye batir na ko-ta-kwana a cikin mota.

Gaskiya, yaya zan san motar asibiti na tafe in ban ji jiniya ba?

Titi yakan faɗa maka kafin motar ta iso. Motocin da ke gabanka sun fara rage gudu suna raɓewa hagu ba dalilin da kake gani. Masu tafiya a ƙasa sun juya kai gefe ɗaya. Shuɗin haske yana wulgawa a gilashin shaguna ko a jikin bas ɗin da ke kusa. A danja, an ba da hannu amma na gefenka bai motsa ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya leƙa madubai uku kafin ya taka totur. Direbobi kurame da suka daɗe a hanya sun saba da wannan har ya zama musu jiki, idonsu ba ya daɗewa bai koma madubi ba.

Madubi mai faɗi da ake ɗaurawa kan na ciki yana taimakawa, ba shi da tsada. In kana sa na'ura, rufe tagogi yana rage hucin iska da ke cika ta. Mai karanta leɓe kada ya juya ya kalli fasinja mota na tafiya, zancen ya jira. Tunda kuma ba za ka ji ƙarar birki ko ƙwanƙwasar inji ba, ka riƙa kula da fitilun gaban sitiyari da duk wata sabuwar girgiza, ka kuma sa wani mai ji ya zauna a motar lokaci-lokaci. In motar agajin ta iso, ka ba ta hanya a natse. Ba a tsallake jar danja don a ba ta wuri, laifin yana nan a kanka.

Da lasisin Najeriya na zo. Yaya batun gwaji ga mai raunin ji?

Lasisin Najeriya ko Nijar ko Ghana yana yi maka aiki wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa kai tsaye. Kafin wa'adin ya cika, ka nemi lasisin koyo ka yi gwaji biyu, na kwamfuta da na hanya. Lokacin yin rajista da hukumar DVSA mai kula da gwajin tuƙi ka ambaci raunin jinka. Za a ƙara lokaci, mai gwajin zai yi maka bayani a rubuce tun kafin a tashi, ya kalle ka in yana magana, ku kuma daidaita kan alamun hannu na dama da hagu da tsayawa. Mai amfani da maganar hannu ta Birtaniya, wato BSL, yana iya zuwa da tafinta. Maganar hannun da aka koya a makarantun kurame na gida ta sha bamban da BSL, saboda haka a tattauna wannan da hukumar tun wuri. Tafintan Hausa kuwa babu, an daina yarda da tafintan harsunan waje a gwajin tuƙi tun Afrilun 2014.

Baba ya haura 70, talabijin sai ya ƙure ƙara, kuma yana tuƙi. Mu karɓe makullin?

Kunne kaɗai bai isa dalili ba. Daga shekara 70 ana sabunta lasisi duk shekara uku, kyauta, kuma ba a awon ji. Abin da za ku sa wa ido shi ne gani, da mantuwa, da ruɗewa a shataletale, da sababbin ƙuje-ƙuje a jikin mota da ba a san inda aka samo su ba. Ku fara da raka shi awon kunne da na ido. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana jan iyalinsa ba a fizge masa makulli a gaban jikoki. A samu wanda yake jin nauyinsa, ƙaninsa ko amininsa, su yi maganar su biyu. In sunansa yana cikin inshorar ɗayanku a matsayin direba na biyu, tambayoyin lafiya sun shafe shi shi ma, kuma mai inshorar ne zai amsa in an yi kuskure.

In na yi hatsari ko mota ta mutu a hanya, yaya zan nemi agaji?

Ka shirya tun yau. Aika kalmar register ta saƙon tes zuwa 999, ka bi umarnin da za a turo. Daga nan kana iya kiran 'yan sanda ko motar asibiti ko 'yan kwana-kwana ta rubutu. Ta Relay UK lambar gaggawa ita ce 18000, masu BSL kuma suna da manhajar 999 BSL ta bidiyo tun 2022. Manyan kamfanonin janwe suna da manhaja ko lambar tes, ka tambaya kafin ka biya. A wurin hatsari, ka nuna wa ɗan sanda ko ɗaya direban cewa ba ka ji sosai, ku yi musayar suna da lambar mota a rubuce, ka ɗauki hotuna. Kada ka gyaɗa kai ga maganar da ba ka kama ba, ana iya ɗaukarsa amsa laifi.

Kamfani ya ƙi biyana, ya ce ban faɗi larurata ba. Ina zan kai kuka?

Ka fara da kamfanin, a rubuce, ka ce ƙorafi kake shigarwa. Ka nemi su ba ka ainihin tambayar da aka yi maka da amsar da suka ce ka bayar, in ta waya ce su ba ka naɗin ko rubutaccensa. Suna da mako takwas su ba da amsa ta ƙarshe. In ba ka gamsu ba, ko sun yi shiru, ka wuce Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi. Kyauta ne, ba ka buƙatar lauya, amma ka kai cikin wata shida daga ranar amsar ƙarshe. Za su duba ko tambayar a bayyane take, da ko kamfanin ya san kana da raunin ji amma ya ci gaba da yi maka tambayoyi ta waya. Ka haɗa da takardar awon kunnenka da imel ɗin da ka adana tun ranar saye. In ka karɓi hukuncin da suka yanke, ya zama dole a kan kamfanin.